Shin mawaƙa da 'yan fim na Latino masu naƙasa sun sauya tunanin jama'a?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a makarantar da ake koyar da yara makafi da kurame da masu tafiya a keke. Ina shirya taron iyaye, sai wani ya turo mini bidiyon wani ɗan Latin Amurka marar hannuwa yana kaɗa jita da ƙafa. Da na bi sawu sai na ga ashe suna da yawa, mawaƙa da 'yan fim. Shin da gaske irin waɗannan shahararrun sun sauya yadda jama'arsu ke kallon masu naƙasa, ko kuwa tafi ake yi musu a watse? Kuma ya dace in nuna wa iyaye?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa wa aikinki albarka. Na daɗe ina koyar da darasi a kan yadda kafofin watsa labarai ke nuna masu naƙasa, kuma wannan bidiyo na san shi sarai, domin ni ma na taɓa nuna shi a aji. Sun sauya wani abu, kuma ba ƙarami ba, amma tasirinsu ba iri ɗaya ba ne. Ni abin da nake auna su da shi shi ne abin da ɗan kallo ya tafi da shi gida. Idan waƙar ce ta bi shi har kan shimfiɗa, an samu ci gaba. Idan kuwa jikin mawaƙin kawai yake tunawa, yana salati yana girgiza kai, to gobe zai haɗu da ɗalibinki a bakin kasuwa ya miƙa masa sadaka kamar yadda ya saba, ko da yaron tambayar hanya ya tsaya yi.

Idan an ce Latino, ana nufin mutanen da asalinsu ya fito daga Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da tsibiran Karibiyan irin su Kyuba da Puerto Rico da Jamhuriyar Dominikan, musamman waɗanda ke zaune a Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62 a can, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke nan. Zan haɗa da waɗanda suka zauna a ƙasashensu, saboda kasuwar waƙa da fim ɗinsu a haɗe take. Abin da aka kalla a birnin Meziko, shi ake kallo a gidajensu na Los Angeles da Miami.

Wanda ya fi kowa tasiri a ganina shi ne José Feliciano. An haife shi a 1945 a garin Lares na Puerto Rico, kuma da makanta ya zo duniya sakamakon hawan jinin ido. Iyayensa talakawa ne masu 'ya'ya maza goma sha ɗaya, suka yi ƙaura zuwa New York yana da shekara biyar. A ɗaki ya koya wa kansa jita, yana bin faifai yana kwaikwayo. Yana ɗan shekara 17 ya bar makaranta ya riƙa waƙa a gidajen shan gahawa na unguwar Greenwich Village don ya tallafa wa gida. A 1968 sunansa ya game Amurka, har aikin wannan shekarar ya ciyo masa kyautar Grammy biyu, ciki har da ta sabon mawaƙin da ya fi fice.

Ranar 7 ga Oktoban 1968 aka gayyace shi filin wasa na Detroit ya rera taken Amurka kafin wasa na biyar na gasar ƙarshe ta besbol. Mai sharhin wasanni Ernie Harwell ne ya gayyato shi. Ya fito tsakiyar fili da jitarsa da baƙin tabarau, karyar da ke yi masa jagora tana gefensa, ya ja taken a hankali da karin muryarsa, kamar mai addu'a, saɓanin yadda aka saba buga shi da kiɗan soja. A lokacin ana tsaka da yaƙin Vietnam, kuma a shekarar ce aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, zukata a tafashe suke. Wasu 'yan kallo suka yi masa ihu, wayoyin ƙorafi suka yi ta shiga gidajen talabijin, gidajen rediyo da dama suka jingine waƙoƙinsa. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa abin ya ja sana'arsa baya na shekaru.

Ki dubi irin fushin da aka yi. An ɗauke shi mutum mai hankali wanda ya zaɓi abin da ya yi, aka kama shi da laifin zaɓinsa. Akwai wariya a ciki, don wasu abin da ya ɓata musu rai shi ne ɗan Puerto Rico ya taɓa musu take. Duk da haka, ga mai nazarin naƙasa wannan rana ce babba: ƙasa guda ta tsaya tana jayayya da makaho a kan fasaharsa, kamar yadda ake jayayya da kowane gwani. Yau mawaƙin da ya rera taken Amurka da salon kansa, hanyar da Feliciano ya share yake bi. A 2010, bayan rasuwar Harwell, Detroit ta sake kiransa ya rera taken da salon nan nasa, aka tarbe shi da tafi.

A 1970 ya fitar da Feliz Navidad, waƙar Kirsimeti da kalmominta ba su wuce ashirin ba, wasu na Sifaniyanci wasu na Ingilishi. Duk watan Disamba tana tashi a kantuna da gidajen rediyo na ƙasashe masu yawa, kuma da dama daga masu binta ba su san makaho ne ya tsara ta ba. Idan suka sani, sanin yana zuwa ne bayan sun riga sun ƙaunaci aikin, kuma mutumin da ka riga ka girmama da wuya ka koma kana ce masa wayyo. Amma shahara ba ta ɗauke masa wahalar da kowane makaho ke sha ba. A 1967 da ya je Birtaniya, dokar killace dabbobi ta hana a bar shi ya shiga da karensa na jagora, abin da ya yi masa ciwo har ya mayar da shi waƙa daga baya.

Akwai wani abu da ke rage wa labarin makahon mawaƙi ƙarfi, kuma mu Hausawa mun san shi a gida. Al'ummomi da yawa sun daɗe da ware wa makaho gurbin waƙa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, Imfirajinsa ta shiga gidaje da makarantu, an karrama shi matuƙa, amma hakan bai hana makafi ci gaba da rera baitocinta a ƙofar masallaci da ƙoƙon bara a hannu ba. Jama'a kan girmama gwanin, su bar sauran inda suke. Haka abin yake a can. A Kyuba an yi Arsenio Rodríguez, haifaffen 1911, jinin bayin da aka kwaso daga Kongo, wanda ya makance tun yana yaro. Abin kaɗawarsa tres ne, wata 'yar jita mai tagwayen tsirkiya uku. A 1940 ya kafa ƙungiyarsa, ya shigar da fiyano da doguwar gangar da suke kira conga, ya ƙara yawan masu busa, kuma daga wannan tsari nasa ne kiɗan salsa ya samo ƙashin bayansa. Kirarin da ake yi masa shi ne El Ciego Maravilloso, wato makaho abin al'ajabi. A 1947 ya je New York wurin shahararren likitan ido Ramón Castroviejo da fatan ya gani, aka ce masa ba abin da aiki zai gyara, ya zauna ya tsara ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da suka fi taɓa zuciya. Ya rasu a Los Angeles a 1970, sunansa ya dusashe, daidai lokacin da salsa ke tashe a hannun waɗanda suka sha daga rijiyarsa. A Kolombiya kuma akwai Leandro Díaz, wanda bai taɓa ganin haske ba amma ya yi ta siffanta koguna da filayen yankinsu a waƙa, har Gabriel García Márquez ya buɗe wani littafinsa na 1985 da baitinsa. Da aka tashi yin wasan talabijin a kan rayuwarsa a 2022, mawaƙi mai ido, Silvestre Dangond, aka bai wa matsayinsa.

Yanzu ga na bidiyonki. Sunansa Tony Meléndez, an haife shi a 1962 a Rivas ta ƙasar Nikaragwa. Mahaifiyarsa ta sha maganin thalidomide tana da cikinsa, maganin da aka riƙa bai wa masu laulayi a wancan zamani kafin a gane yana hana gaɓoɓin jariri fitowa, kuma ya naƙasa dubban yara a duniya. Iyalin suka koma yankin Los Angeles yana jariri don a yi masa aiki a ƙafa. An sa masa hannuwan roba, ya yi amfani da su har wajen shekara goma, sannan ya ajiye su don ƙafafunsa sun fi su aiki. Ranar 15 ga Satumban 1987 ya yi waƙa a gaban Fafaroma John Paul na Biyu a Los Angeles. Fafaroman ya sauko daga mazauninsa ya je ya sumbace shi, ya ce masa yana ba mutane fata, ya ci gaba da ba su. Wannan ɗan lokaci shi ne ke yawo a wayoyi har yau.

Shekarun baya na nuna shi ga ɗalibai kusan arba'in. Na rufe tagogi na kashe fitila. Da Fafaroma ya sauko, wata ɗaliba ta share hawaye da gefen hijabinta, na baya suna ta cewa ikon Allah, ikon Allah. Da aka kunna fitila sai na tambaye su: waƙar mai sauri ce ko mai sanyi? Muryarsa siririya ce ko mai kauri? Ajin ya yi tsit. Yatsun ƙafarsa kowa ya riƙe. A layin gaba akwai wani saurayi mai shan inna, sandunansa jingine da benci. Bayan an watse ya tsaya, ya ce mini, "Malam, yanzu duk za su fita su ce da ni ka ga wancan ko hannu ba shi da shi ya yi suna, kai me ya hana ka? Alhali darasinmu na gaba a bene na biyu yake, kuma ba wanda zai tambayi yadda zan hau." Tun daga ranar na sauya yadda nake amfani da wannan bidiyo.

Maganar nan da muke yawan yi, babu naƙasasshe sai kasasshe, da kyakkyawar niyya aka ƙirƙire ta, kuma ta ɗaga mutane da yawa daga zaman kashe wando. Amma idan mai lafiya ne ya faɗe ta ga yaron da aka gina wa makaranta ba hanyar shiga, ta zama hanyar ɗora masa laifin matattakalar da ba shi ya gina ba. Stella Young, 'yar jarida 'yar Ostireliya mai tafiya a keke, ta yi wani jawabi a 2014 da ya zaga duniya a kan haka: yadda ake mayar da masu naƙasa kayan zaburar da masu lafiya, a kalle su a ce alhamdu lillahi da ba ni ba ne. Ba laifin Meléndez ba ne. Mawaƙi ne na gaske, ya sauya ɗaurin tsirkiyar jitarsa don ta dace da ƙafa, ya shafe shekaru yana yawon waƙa, yana da iyali. Kuma akwai ɓangaren labarinsa da bidiyon ba ya nunawa: yana saurayi ya so ya zama limamin coci, aka ce ba zai yiwu ba saboda aikin yana buƙatar babban yatsa da manuniya. Sumbar ta gaskiya ce, rufaffiyar ƙofar ma ta gaskiya ce.

Kalmar da za ki riƙa ji a gidajen Latino idan an ga yaro mai naƙasa ita ce pobrecito, wato wayyo ɗan talikin nan. Kalmar ƙauna ce, amma tana zuwa da ɓoye yaro a ɗaki, da yi masa komai har ya girma bai iya komai ba, wani lokaci kuma da raɗe-raɗin cewa horon Ubangiji ne a kan iyaye. Talabijin ɗinsu ta daɗe tana ciyar da wannan kallo. A 1978 mai gabatar da shirye-shirye Mario Kreutzberger, wanda aka fi sani da Don Francisco, ya fara Teletón a Chile, shirin fiye da kwana guda ana nuna yara masu naƙasa ana tara kuɗi. Meziko ta fara nata a 1997, tashar Univision ta kawo shi Amurka a 2012. Adalci shi ne a faɗa cewa kuɗin sun gina cibiyoyin gashin ƙashi da gyaran gaɓoɓi da gwamnatoci suka kasa ginawa, kuma dubban iyaye talakawa a can suka fara ganin ɗansu ya tsaya ko ya samu keke. Da babu gara ba daɗi. Amma a 2014 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin masu naƙasa ya nuna damuwa cewa shirin na Meziko yana nuna su a matsayin abin sadaka maimakon masu haƙƙi. Wasanninsu masu dogon zango su ma haka: a Esmeralda na 1997 jarumar makauniya ce, kuma labarin bai kai ga farin ciki ba sai da aka yi mata aiki idonta ya buɗe. A María la del Barrio, wurin da muguwar shirin ke zagin yarinya mai keke da kalmar gurguwa la'ananniya ya zama abin dariya da ake ta yaɗawa a intanet shekaru bayan an gama shirin.

Mawaƙa biyu na Brazil sun nuna mini yadda ɓoyewa da bayyanawa suka bambanta. Roberto Carlos, wanda suke kira Sarki, jirgin ƙasa ya take masa ƙafar dama yana ɗan shekara shida, da ƙafar roba ya yi kusan duk rayuwarsa ta waƙa. Kusan kowa a ƙasar ya sani, amma shi ba ya son a yi maganar, har a 2007 ya sa aka janye wani littafin tarihinsa daga kasuwa. Ba na ganin laifinsa, jikinsa ne kuma sirrinsa ne. Sai dai shirun ya sa yaron da aka yanke wa ƙafa a wani ƙauyen Brazil bai samu abin da zai iya samu daga gare shi ba. Herbert Vianna kuwa, jagoran ƙungiyar Os Paralamas do Sucesso, ƙaramin jirginsa ya faɗi a 2001, matarsa ta rasu, shi kuma ƙafafunsa suka shanye. Ya dawo dandamali a kan keke da jitarsa a cinya, kuma haka masoyansa suke ganinsa fiye da shekara ashirin. Duk wanda zai gayyaci ƙungiyar dole ya tanadi yadda keke zai hau dandamali. Gloria Estefan, mawaƙiya haifaffiyar Kyuba, ita ma ta karye a ƙashin baya a haɗarin mota a 1990, aka sa mata ƙarfe biyu, ta dawo waƙa cikin shekara guda, kuma tun daga nan take zuba kuɗi a binciken ciwon laka a Miami. Jama'a sun fi son irin labarinta domin ta miƙe. Labarin wanda bai miƙe ba, kuma ya ci gaba da aikinsa a zaune, shi ya fi wuyar karɓa, shi ne kuma ya fi kama da rayuwar yawancin ɗalibanki.

A Amurka ƙofar fim ƙunci biyu gare ta ga ɗan Latino mai naƙasa. Masu bincike na makarantar Annenberg a Jami'ar Kudancin California sun ƙirga manyan finafinai 100 na 2015, suka samu kashi 2.4 cikin ɗari ne kawai na masu magana a ciki aka nuna da naƙasa. Su ne kuma suka duba finafinai 1,200 daga 2007 zuwa 2018, suka ga 'yan Latino kashi 4.5 ne. Gidauniyar Ruderman ta fitar da rahoto a 2016 cewa kashi 95 na matsayin masu naƙasa a manyan shirye-shiryen talabijin, masu lafiya ne ke hawansu. Saboda haka 'yan ƙalilan da suka kutsa a 'yan shekarun nan sun cancanci a tsaya a kansu.

Lauren Ridloff kurma ce tun haihuwa, 'yar Chicago, mahaifinta jinin Meziko, mahaifiyarta baƙar fatar Amurka. Kamar ke, malamar makaranta ce, ta shafe shekaru tana koyar da ƙananan yara a New York. An ɗauko ta ne ta koya wa wani darakta maganar hannu, sai ya ga ita ta dace da jarumar wasan da yake shiryawa, kuma a 2018 aka sa ta cikin 'yan takarar kyautar Tony ta wasan dandamali. Ta fito a The Walking Dead, sannan a 2021 ta zama jaruma kurma ta farko a finafinan Marvel, a cikin Eternals. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da zuwanta ya tilasta a wurin ɗaukar fim. An kawo masu fassarar maganar hannu. Da aka zo wurin da za ta fuskanci bango ba ta ganin darakta, Angelina Jolie ta ba da shawarar a riƙa haska mata ɗigon haske a bango ya zama alamar fara aiki, daga baya a goge shi da kwamfuta. Ɗaruruwan ma'aikata sun ga da idonsu cewa aiki da kurma 'yar dabara yake buƙata. Kuma da fim ɗin ya fito ta yi amfani da damar ta yi ta kira a riƙa sa rubutun magana a kan allo a gidajen sinima, don kurame su shiga kallo tare da kowa. Ga yaran Latino kurame a Amurka wannan yana da nauyi na daban, domin a gida Sifaniyanci ake yi, a makaranta Ingilishi da maganar hannu ta Amurka, wadda ta bambanta da ta Meziko. Yaro kan tashi tsakanin harsuna uku bai da mai yi masa hira a wurin cin abinci.

Jillian Mercado, wadda iyayenta 'yan Dominikan ne, tana da ciwon da ke raunana tsoka, da keken lantarki take yawo. Ta karanci harkar tufafi a New York, ta fito a tallan kamfanin Diesel a 2014, kamfanin IMG na masu tallan tufafi ya ɗauke ta a 2015, daga baya ta shiga wasan talabijin inda ta fito a matsayin lauya mai soyayya da faɗa da 'yan'uwa kamar kowa. Danielle Perez kuwa 'yar barkwanci ce da ta rasa ƙafafunta a haɗari. A 2015 ta shiga wani shirin gasa na talabijin ta ciyo injin motsa jiki da ake gudu a kansa, abin da ya sa mutane suka rasa inda za su sa fuskarsu, ita kuwa ta mayar da shi jarin sana'arta. A dandamalinta ita ke zaɓar abin da za a yi wa dariya. Ki kwatanta wannan da Nelson de la Rosa, ɗan Dominikan mai tsawon kusan santimita 71, wanda ya fito a fim da Marlon Brando a 1996, kuma a 2004 'yan wasan besbol na Boston suka riƙa ɗaga shi sama a matsayin mai kawo sa'a. Ya yi suna, amma wasu ne suka riƙe linzamin yadda ake kallonsa.

Sai naƙasar da ido ba ya gani. Selena Gomez, mawaƙiya kuma 'yar fim, jinin Meziko ta wajen uba, tana fama da cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. An yi mata dashen ƙoda a 2017, a 2020 kuma ta bayyana cewa tana da lalurar ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum ya riƙa hawa da sauka. A gidajen da ake ganin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa tonon asirin dangi ne, kuma kalmar loco, wato mahaukaci, tana kashe aure, yarinyar da ta ji haka daga bakin wadda take ƙauna ta samu hanyar buɗe wa uwarta magana. Duk da haka an yi ta yi mata ba'a a intanet idan magani ya sa jikinta ya kumbura.

Masana halayyar jama'a suna da bayanin yadda wannan tasiri ke aiki. Tun 1954 Gordon Allport ya kawo cewa ƙyama tana raguwa idan mutane suka yi cuɗanya a matsayin daidai da daidai. A 2005 Edward Schiappa da abokan aikinsa suka nuna cewa sabo da mutum ta allo ma yana iya yin kwatankwacin wannan aiki, musamman ga wanda bai da irin wannan mutum a rayuwarsa. Sharaɗin daidaito shi ne zuciyar maganar, kuma shi ya sa Feliciano da Ridloff suka fi shirin tara sadaka sauya tunani, ko da shirin ya fi su jawo hawaye. Amma sauyin zuciya bai cika kaiwa ofishin ɗaukar aiki ba. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna kashi 22.5 na masu naƙasa ne ke da aiki, alhali na marasa naƙasa kashi 65.8 ne. Yawan tsofaffi a cikin masu naƙasa yana cikin dalilan tazarar, amma ko an cire su tazarar tana nan da faɗi. Dokokin da suka buɗe ƙofofi kuwa ba daga dandamalin waƙa suka fito ba. Dokar masu naƙasa ta Amurka da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yulin 1990 ta biyo bayan shekaru na zanga-zanga, har da ranar da masu keke suka sauka daga kekunansu suka ja jiki a kan matattakalar majalisar dokoki a Washington. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa kuma Meziko ce ta gabatar da ƙudurinta a 2001, kuma cikin waɗanda suka tsaya mata tsayin daka akwai Gilberto Rincón Gallardo, ɗan siyasa da aka haifa da naƙasa a hannuwansa. Mawaƙan sun tausasa ƙasa, irin su Rincón Gallardo suka yi shuka.

Game da taronki, Malama, ki nuna, amma ki sauya tsari. Ki fara da sa musu muryar Feliciano da jitarsa ba tare da hoto ba, ki bar su su ce ya iya ko bai iya ba, sannan ki gaya musu ko wane ne, da yadda ya koya a ɗaki, da yadda aka hana karensa shiga ƙasa. Idan za ki sa na Meléndez, ki haɗa da labarin maganin da aka bai wa mahaifiyarsa, domin cikin iyayen nan akwai uwar da aka daɗe ana nuna wa yatsa ana cewa ita ta jawo, kuma tana buƙatar ta ji a bainar jama'a cewa naƙasa tana da sababi da likita zai iya faɗa. Ki ba su labarin ɗigon hasken da aka haska wa Ridloff, ki tambaye su wace 'yar dabara irin wannan za su iya yi a gida ko a shagon da suke so yaro ya koyi sana'a. Bidiyon duka kada ya wuce minti goma. Sauran lokacin ki ba wani babba mai naƙasa na garinku, tela ko malami ko mai gyaran waya, wanda ke ciyar da iyalinsa, ya zauna a kujera ɗaya da iyayen su tambaye shi nawa yake samu, wa ya koya masa, da yadda ya yi aure. Kafin ranar kuma ki zagaya ɗakin taron da ɗaya daga cikin ɗalibanki masu keke, daga bakin ƙofar makaranta har banɗaki, ki rubuta duk inda ya tsaya, ki karanta wa iyaye da hukumar makaranta takardar kafin a yi addu'ar tashi.